Yadda ake gane cutar siliyak, da yadda ake tsare tukunyar gida daga alkama a Damagaram

Baƙon da ya zo Damagaram da wuya ya koma gida babu alkaki cikin tsarabarsa. Amma akwai mutanen da alkakin nan, da burodin safe, da taliyar rana, ke cin hanjinsu sannu a hankali ba su sani ba. Likitoci na kiran wannan larura cutar siliyak; a takardar asibiti za ku ga an rubuta maladie cœliaque. Ba a shan ƙwaya a warke, ba a yin allura. Maganinta yana cikin tukunya: a bar alkama da danginta har ƙarshen rai. Mu kam a nan mun yi sa'a, don gero da dawa da wake da muka gada ba su da laifi ko kaɗan. Wahalar aikin ita ce gano alkamar da ke ɓuya inda ba a zato, da kuma iya cewa a'a a gidan biki ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Da farko, a san abin da ke faruwa cikin ciki

Cikin alkama da sha'ir da hatsin rai (wani ɗan uwan alkama, seigle a Faransanci, rye a Ingilishi) akwai wani sinadari da ake kira guluten. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iska, burodi ya tashi. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, garkuwar jikinsa na ɗaukarsa abokin gaba, kuma garin yaƙarsa sai ta lalata bangon ƙaramin hanji. Wanda ya taɓa wanke tumbin saniya ya san gefen nan mai gashi-gashi kamar tawul. To, bangon hanjin mutum ma yana da irin waɗannan ƙananan tsiro, da su yake tsotse amfanin abinci ya kai jini. Cutar takan goge su su kwanta. Daga nan sai mutum ya ci ya ƙoshi, amma abincin ya wuce bai bar masa komai ba.

Ba sabuwar cuta ba ce. Wani likitan Ingila, Samuel Gee, ya bayyana ta a 1888, amma bai gano mai laifin ba. Sai a ƙasar Holand, lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, wani likitan yara mai suna Willem Dicke ya ga tabbacin abin da ya daɗe yana zargi: da burodi ya yi wuya yaran da ke fama da cutar sun sami sauƙi, da burodi ya dawo ciwonsu ya dawo. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100 na ɗauke da ita, mafi yawansu ba a gano su ba. Kada kuma a ce ciwon Turawa ne. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, cikin wannan hamada da muke bakinta, ya sami cutar a jikin sama da yaro 5 cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa gani, kuma mutane ne da abincinsu ya koma fulawar alkama. Ana gadon yiwuwar kamuwa da ita, amma ba a ɗaukarta: cin abinci a kwano ɗaya da mai ita ba ya sa wa kowa.

Sai a lura da alamu, a rubuta su

Ga yaro, abin yakan fito bayan an fara ba shi abincin manya: zawo mai ɗaukar makonni, kashi mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da wari, ciki ya kumbura, ɗuwawu da cinyoyi su motse, ga rigima da ƙin abinci, nauyi ya tsaya cak a katin awo. Wannan hoton tamowa ne da kowace uwa ta sani, shi ya sa cutar ke ɓuya a bayanta. Yawancin yaran da ke da tamowa a ƙasarmu ba siliyak ke damunsu ba. Ƙarancin abinci ne, ko tsutsar ciki, ko ruwa marar tsabta, ko zazzaɓin cizon sauro. Inda ya kamata a ɗaga kunne shi ne yaron da gidansu akwai abinci, an ba shi maganin tsutsa, an yi masa jinyar tamowa ya farfaɗo, amma da ya koma kan burodi da biskit da taliya sai ya sake zubewa.

Ga babba kuwa, sau da yawa babu zawo ma. Ƙarancin jini ne da ba ya jin ƙwayoyin ƙarin jini, gajiya marar dalili, kumburin ciki da iska, gyambon baki mai dawowa, ciwon ƙashi, ɓari a kai a kai ko jinkirin haihuwa, ko wasu ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ɗuwawu. Wani ma taurin bayan gida yake fama da shi. Mai ciwon sukari irin na yara, wanda ake yi wa allurar insulin, da mai ciwon maƙoƙo na garkuwar jiki, sun fi kusa da ita.

Ku sami ɗan littafi, ku yi mako biyu ko uku kuna rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya, da nauyin yaro in an auna. Wannan rubutu ya fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Kada a daina cin alkama kafin gwaji

Nan ne masu kyakkyawar niyya ke ɓata aikin. Mutum ya ji labarin cutar, ya bar burodi wata biyu, ya ji daɗin jikinsa, sannan ya je asibiti. Gwajin jinin yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da guluten ne. In an daina ci, faɗan ya lafa, gwaji ya fito lafiya lau alhali cutar na nan. Wanda ya riga ya daina, likita zai iya cewa ya koma ci kullum na kimanin mako 6 kafin a ɗebi jini, kuma komawar ba daɗi.

Ku fara daga asibitin unguwa, a duba kashi, a duba jini, a kawar da cututtukan da suka fi yawa a wurinmu. In abin ya ci gaba, a nemi takardar zuwa Asibitin Ƙasa na Zinder wajen likitan yara ko likitan ciki. Ku faɗi zarginku a fili: «Likita, yaron nan duk sanda ya ci kayan fulawa sai cikinsa ya ɓaci, ga abin da muka rubuta. Ko za a duba mana siliyak?» Gwajin da ake fara yi sunansa anti-transglutaminase IgA, kuma ana haɗa shi da awon jimlar IgA, wani sinadarin garkuwar jiki da ke cikin jini, don akwai masu ƙarancinsa tun haihuwa, su kuma gwajin farko kan yi musu ƙarya. In ɗakin gwajin da ke kusa ba ya yi, likita zai faɗi inda za a aika jinin. In ya nuna, mataki na gaba ga babba shi ne a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a tsinko ɗan naman hanji a duba. Ga yara, in adadin da gwajin jinin ya nuna ya ninka iyakar lafiya sau 10 kuma gwaji na biyu ya tabbatar, likitoci kan iya yanke hukunci ba tare da bututun ba.

Me ya sa wannan wahala duka, ba a bar alkama kawai a huta ba? Don hukunci ne na tsawon rai. Ba daidai ba ne a hana yaro burodi shekara da shekaru a kan zato, kuma in wata cuta ce daban, kamar tarin fuka na hanji, an bar ta tana ci. In an tabbatar, a gwada iyaye da ƴan uwan ciki ɗaya ko da ba sa jin komai: kusan 1 cikin 10 nasu kan fito da ita.

In an tabbatar: abin da aka sallama da abin da ya rage

Waɗanda aka yi ban kwana da su a fili suke: burodi, alkaki, fankasau, gurasa, fanke, cincin, dubulan, biskit, kek, taliya ta gida da ta kanti, makaroni, Indomie, kuskus na kwali, tuwon alkama, da tuwon semo, wanda mutane da yawa ba su san alkama ce aka ɓarza ba. Sha'ir kuma yana shigowa ta ƙofar baya da sunan malt: lemun malta na kwalba, da garin shayi irin su Milo da Bournvita.

Abin da ya rage ya fi wanda ya tafi yawa nesa ba kusa ba. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da garinsa, dankali, doya, wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, aya, waken suya. Nama, kifi, ƙwai, fara, nono, man shanu, cuku. Kuka, kuɓewa, yakuwa, zogale, kabewa, tumatir, albasa, daddawa. Dabino, mangwaro, gwaiba, kankana, goriba. Tuwon gero da miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai, dambu da zogale, shinkafa da wake, alala, nakiya: duk halal ne ga mai siliyak, muddin hannun da ya yi su bai sa fulawa ba.

Wannan «muddin» ɗin shi ne ainihin aikin. Ɗan wake na asali garin wake ne da garin rogo da kuka da ruwan kanwa, amma yau masu sayarwa da yawa fulawa suke zubawa, wasu ma da ita kaɗai suke yi. Waina, wasu kan sa ɗan fulawa cikin ƙullun don ta yi laushi. Tuwon masara, akwai mai barbaɗa fulawa don ya yi danƙo. Kunun gyaɗa da kunun zaƙi, akwai gidajen da ke sa alkama. Kifi da kaza, wasu kan turbuɗa su cikin fulawa kafin suya. Shinkafa dafa-duka, sau nawa ake kakkarya taliya a ciki? Tsince taliyar a ajiye gefe ba ya wanke abincin, ruwan da ta dahu a ciki ya riga ya ratsa komai.

Mutane kan ce, to ɗan kaɗan fa? Ga lissafin. Ƙa'idar duniya ta yarda a rubuta wa abinci «babu guluten» ne kawai in bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba. An nuna cewa miligiram 50 a kullum ya isa ya ɓata hanjin mai cutar, alhali yankan burodi ɗaya yana ɗauke da dubbai. Ɓurɓushin da ya rage a kan wuƙa ma abin lissafi ne. Kuma rashin jin ciwo bayan an ci ba shaida ba ce cewa hanji bai ji ba.

Injin niƙa, turmi da kasko

A ganina babu inda ya fi injin unguwa haɗari, kuma shi aka fi mantawa. Ki kai geronki mai tsabta, amma wadda ta riga ki a layi alkamar alkaki ta kai, kuma mai inji ba ya kwance haƙoran injinsa tsakanin kwano da kwano. Garinki na farko da zai fito, da ragowar nata zai fito. Hanyoyi uku ne. Mafi aminci, a daka a gida, cikin turmin da ba a taɓa sa masa alkama ba. Ko a nemi injin da ba a kai masa alkama, a yi magana da mai shi baki da baki, a gaya masa larura ce ta rashin lafiya, ba tsirfa ba. In babu, a fara zuba wani hatsi a niƙa wa sauran mutanen gida, sannan a bi da na marar lafiya a kwano daban. Wannan yana rage haɗarin, bai kawar da shi duka ba. Gidan da ke da hali, ƙaramin injin niƙa na lantarki da aka keɓe ya raba gardama.

Tun a Kasuwar Dole ma a buɗe ido. Tiyar da aka auna alkama da ita ake aunawa gero, kuma buhun fulawa da ya ƙare shi ake zuba wa masara. Ku sayi hatsi tsaba, ba gari ba, ku tsince, ku wanke, ku shanya. Garin da aka ƙulla a leda ba a san injin da ya bi ba.

A madafa kuma, kayan ƙarfe da na silba da na tangaran wankin sabulu mai kyau ya ishe su. Kayan da ke da ƙofofi da tsaga su ne matsala: rariya, muciya, ludayin duma, ƙwarya, akushi, katakon yanka, tandar waina ta ƙasa. Waɗannan a saya wa marar lafiya nasa, a ɗaura musu jan zare ko a yi musu alama da fenti don yaran gida su gane. A fara girka nasa a rufe, sannan a taɓa fulawa. Ranar da ake cincin ko alkaki, garin yana tashi a iska ya sauka kan komai, don haka kwanonsa ya kasance a rufe a wani ɗaki. Man da aka soya fanke a ciki ba a soya masa ƙosai ko awara da shi. Wannan ne ya sa ƙosan bakin titi, wanda shi kansa wake ne zalla, yake zama abin tambaya: kasko ɗaya ne da fanke ko kuwa?

Shawarar da nake bai wa kowane gida ita ce a mayar da babbar tukunya ta zama marar alkama gaba ɗaya. Tuwo da miya da shinkafa kowa ya ci iri ɗaya, mai son burodi ya ci nasa a gefe ya wanke hannu. Ya fi sauƙi ga mai girki, kuma yaro ba ya tashi yana jin an ware shi, balle a gidan da ake haɗa hannu a kwano ɗaya.

Karanta kwali

Kayan kantinmu daga ko'ina suke zuwa, don haka sai an san kalmomin a harshe biyu. A na Faransanci ku nemi blé, froment, farine, semoule, orge, seigle, avoine, malt. A na Najeriya ku nemi wheat, barley, rye, oats, malt. Dunƙulen ɗanɗanon miya da garin yaji na leda, wasu na ɗauke da alkama wasu babu, kuma kamfani kan canza haɗinsa, don haka a duba kowane sabon kwali; wanda aka sayo ɗai-ɗai babu rubutu, a bar shi. Daddawa da albasa da busasshen kifi sun riƙe miya tun kafin dunƙule ya zo. Garin kunun jarirai na gwangwani yawancinsa alkama ne, akwai na shinkafa da na masara, sai an karanta. Haka kayan taimako da ake rabawa: a tambayi ma'aikacin lafiya da me aka yi su. Magani kuwa, a gaya wa mai farmasi larurar ya duba takardar ciki, amma kada a yanke shan wani magani da ka.

Biki, azumi, lakwal da tasha

Kunya ta fi yunwa jefa mutane cikin wannan ciwo. An kawo gara, gwaggo ta miƙo alkaki da hannunta, wa zai ce a'a? Ku riga ta magana tun kafin ranar: «Gwaggo, ku yi haƙuri, likita ya hana yarinyar nan duk abin da aka yi da alkama ko fulawa, ko ɗanɗano. In da nakiya ko dabino, ku ba ta, za ta ci da murna.» In an kawo, a karɓa da godiya a kai wa wasu. Kakanni su ne suka fi ba jika biskit a ɓoye don tausayi; a zaunar da su, a nuna musu katin awo na da da na yanzu.

Da azumi, kwanonin da maƙwabta ke aikowa ba a san yadda aka yi su ba, sai mai larura ya buɗe baki da dabino da kunun gida da ƙosan gida. Ɗan lakwal kuma kada a sallame shi da kuɗi kawai, don abin da ke bakin ƙofar makaranta rabinsa fulawa ne. A ƙulla masa dafaffen ƙwai, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dankali ko aya, a kuma sanar da malaminsa. Mai tafiya Yamai a mota, hanyar kusan kilomita 900 ce, ya yi guzurinsa daga gida. Teburin mai shayi, inda ƙwai da Indomie ke bin kasko ɗaya, ba wurinsa ba ne. Wajen mai tsire, ya duba ko wuƙar da katakon su ne na yanka burodi, ya kuma tambayi abin da ke cikin yajin.

Mayar da abin da jiki ya rasa

Hanjin da ya daɗe a lalace ya bar jiki da bashin sinadarin ƙarfe na jini da sinadarin gina ƙashi. A yawaita hanta, nama, wake, zogale da gero, a matsa lemun tsami a kai don jiki ya fi ɗauka. Shayi yana rage ɗaukar sinadarin ƙarfe, don haka masu zaman shayi su ba da tazarar awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Don ƙashi, nono da cuku da riɗi da kuka. A watannin farko madara kan ɓata wa wasu ciki saboda hanjin bai warke ba. Nono mai tsami ya fi sauƙin karɓa, kuma yawanci abin yakan wuce. In likita ya rubuta ƙwayoyin ƙarin jini, a sha su har ƙarshe.

Sauƙi kan fara bayyana cikin makonni kaɗan: zawo ya tsaya, yaro ya fara wasa, cin abinci ya buɗe. Warkewar hanjin kanta takan ɗauki watanni ga yara, ga manya har shekara 2 ko fiye. Samun sauƙi ba izinin komawa burodi ba ne, kuma babu jiƙo ko garin magani da ke sa jiki ya daina faɗa da guluten. A koma asibiti bayan wata 6, sannan shekara-shekara, a auna nauyi da tsawo, a sake gwajin jinin. Adadin ya kamata ya riƙa sauka.

In an yi kuskure an ci, babu abin da za a sha ya fitar da shi. A sha ruwa sosai, in zawo ya zo a haɗa ruwan gishiri da sukari, a koma kan tsari. Yaron da ke amai ba tsayawa, ko idanunsa suka faɗa, ko ya kasa shan ruwa, a kai shi asibiti a ranar. In kuma an yi wata 6 ana kiyayewa amma babu canji, mafi yawan lokuta wata alkama ce ke shigowa ta inda ba a lura ba. A ɗauko littafin nan a bi abincin mako guda ɗaya bayan ɗaya, a fara da injin niƙa, sai dunƙulen miya, sai abin da ake ba yaro a gidan maƙwabta. In an bi duka ba a sami komai ba, a koma wa likita da littafin a hannu ya nemi wani dalilin.